Sunan da Lorna Ta Warware

Duk wanda ya saka rigar kulob ɗinmu na besbol a cikin shekara talatin da huɗun da suka wuce, sunan da ke gadon bayansa hannun Lorna Bielski ne ya ɗinka shi. Ba za ka gan ta a talabijin ba. Ko masu gadin ƙofar filin wasa wasunsu ba su san sunanta ba, sai dai su ce "matar keke". Ɗakinta na can ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, tsakanin ɗakin wanki da ma'ajiyar sanduna, babu taga, sai fanka ɗaya mai kuka da keken ɗinki da ya girmi rabin 'yan wasan. In namu suka yi abin kirki mutum dubu talatin suka shiga buga ƙafa a sama, ita ƙura ce rabonta, ta zubo mata a kan teburi, ta ɗaga kai ta yi tsaki ta share.

A unguwar 'yan Poland aka haife ta, kusa da masana'antar ƙarfe inda mahaifinta ya ƙarar da ƙarfinsa. Mahaifiyarta tela ce mai ɗinka rigunan amare. Ita ta koya mata riƙe allura tun tana shekara bakwai, ta kuma koya mata riƙe baki, don tela ce ke fara sanin amaryar da rigarta ta soma matsewa a ciki kafin ranar aure. Lorna ba ta tashi da son ƙwallo ba. Mijinta Stan ne ya haukace a kan wasan, shi ya ji ana neman mai ɗinki ya tura ta, wai ko ya riƙa samun tikiti kyauta. Ya samu kuwa, har shekara goma sha tara, kafin ciwon zuciya ya ɗauke shi a kujerarsa ta falo, rediyo na magana a gefensa. Allah bai ba su haihuwa ba. Bayan rasuwarsa Lorna ta ci gaba da zuwa aiki, kuma a hankali ta tarar ta san wasan fiye da yadda take so.

Aikin ba shi da hayaniya sai a watan Yuli. Kafin nan kowane kulob ya san inda ya tsaya: masu hangen kofi su zama masu saye, waɗanda kakar wasan ta ƙi su zama masu sayarwa. Abin da aka fi wawaso a kasuwar kuwa shi ne mai jifan ƙwallon da ke buɗe wasa. Kowane kulob na da biyar, kowa da ranarsa, kuma da wuya ka ga wanda biyar ɗinsa suka kai Yuli lafiya, domin ba a yi hannun ɗan Adam don irin wannan jifa ba. Sai manajojin da ke ofis ɗin sama su rungumi waya. Da mutane ake biya: ba ni tsohon gwaninka wanda kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, in ba ka matasa biyu masu tasowa. Wannan ya taya, wancan ya ce albarka, ya kira na uku don na farko ya ji zafi ya ƙara. Tsohon da aka saya don wata biyu kawai, ɗan haya ake ce masa, a gaban idonsa ma. In an daidaita sai a yi musayar takardun likita, da hoton kafaɗa da na gwiwar hannu, likitocin kowane ɓangare su duba. Sai sun sa hannu ciniki ya faɗa. Ƙarfe shida na yammacin ranar ƙarshe ake rufe kasuwa, wanda bai gama ba ya haƙura sai badi.

Tun da sabon ɗan wasa kan sauka daga jirgi ya shiga fili a rana ɗaya, dole rigarsa ta riga shi zuwa. Shi ya sa Gus Tedesco, mai kula da kayan 'yan wasa, kan sauko wa Lorna da 'yar takarda a ninke tun ana cikin ciniki. Ta buɗe, ta ga suna, ta yanka haruffan ta ajiye. Sau da yawa cinikin kan watse, sai ta zuba haruffan a wani tsohon gwangwanin biskit, wanda ya cika da mutanen da ba su taɓa zuwa garinmu ba, kuma ba su san an taɓa yanka sunansu a nan ba. Ke nan Lorna kan riga 'yan jarida sani, ta riga 'yan wasa, wani lokaci har koci ta riga. Wani ɗan jarida ya taɓa kawo mata furanni don ta tsegunta masa suna. Ta karɓa, ta sa a ruwa, ta ba shi labarin ciwon gwiwarta na rabin awa, har ya tashi da kansa.

Tana da doka ɗaya da kowa ya sani. Sabon suna tana yanka shi da wuri, amma tsoho ba ta taɓa cire shi daga riga sai an yi sanarwa. Har abin ya zama kalma a ɗakin 'yan wasa. Ba a cewa an sayar da wane, sai dai a ce "an warware shi". In wani ya yi jifan banza ana lallasa shi, abokansa su ce masa, "Ka yi hankali, mun ga Lorna tana wasa almakashi."

Hollis Brandvold ya zo mana yana shekara ashirin da biyu, daga wata gonar alkama a Dakota, da jaka ɗaya da wuya kamar na raƙumi. Aka kira shi tsakiyar kaka, bai san kowa ba, bai san inda zai kwana ba. Gus ya roƙi Lorna ta ba shi ɗakin sama na mako ɗaya. Ya yi shekara biyu. Ya cinye mata kabeji da naman da take naɗewa a ciki kamar wanda aka aiko, ya gyara mata matakala, ya koyi cire takalmi a bakin ƙofa bayan an yi masa faɗa sau ɗari. Ita Dogo take ce masa, shi kuma Mama. Da ya yi aure ita ta rage wa amarya tsawon riga, da aka haifi 'yarsa Opal ita ta fara ɗaukarta bayan iyayen. Lorna ba mai yawan faɗin abin da ke ranta ba ce, amma duk wanda ya ga yadda take kallonsa in yana cin abinci ya san ta samu ɗan da ba ta haifa ba.

A shekarar da nake ba da labari, kakar ta ƙi mu tun daga Mayu. Hollis na da talatin da uku, shekararsa ta goma sha ɗaya tare da mu, kwantiraginsa zai ƙare da kaka, hannunsa kuma lafiya lau. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ranar da zai yi jifa, kujerun da ke bayan mai kama ƙwallo sai su cika da baƙin fuska, maza da hulunan rana da littattafan rubutu, kowa ya ɗaga na'urar auna gudun ƙwallo. Wasu kulob-kulob ne suka turo su duba kaya.

Wata Litinin da ba wasa ya zo mata cin abincin rana da Opal, wadda ke da shekara takwas a lokacin. Yarinyar ta gama ta fita bayan gida tsinkar tumatir. Hollis ya tura faranti gefe.

"Mama, zan roƙe ki abu ɗaya."

"In ƙari ne, tukunya na kan murhu, hannunka ba a karye yake ba."

"Ba abinci ba ne."

"To ba ni da shi."

Ya yi 'yar dariya, ta mutu a bakinsa. "Kin tuna Ocasio bara? Ɗansa a wayar wani ya ga an sayar da uban, a wurin ninkaya. Uban yana wanka a ɗakinmu, shi kansa bai sani ba. Yaron ya kira yana kuka yana tambaya ko gaskiya ne, uban ya ce ƙarya ce. Bayan minti goma aka kira shi sama." Ya dubi taga inda Opal ke durƙushe cikin ganye. "A nan aka haife ta, Mama. Ba ta san wani gari ba. Ba na so ta ji daga waya. Awa ɗaya kawai nake so, in je gida in zaunar da ita in faɗa mata da bakina."

"Ni ɗinki nake yi, Dogo."

"Na sani. Ke kuma kike fara sani."

Ta tashi ta juye sauran abincin a roba ta ba shi ya kai wa matarsa. Amma maganar ta tsaya mata a rai. Shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa jin uffan daga bakinta, kuma wannan shirun shi ne abin da take taƙama da shi a duniya, fiye da iya ɗinki. Na sama sun yarda da ita ne don shi. Ga shi yau wanda ba ta iya hana shi komai ya zo yana roƙon abin da ba ta taɓa ba kowa ba. Ta riƙa addu'a a coci kada a kawo mata takardar da za ta sa ta zaɓa.

Ranar rufe kasuwa ta faɗo Alhamis. Asabar ɗin makon kuma kulob zai yi bikin cika shekara ɗari, kuma an yi wa kowane ɗan wasa riga ɗaya tak ta ulu, irin ta kakanni, wadda keke ba ya iya ɗinka wa suna sai hannu. Lorna ta yi mako uku a kansu, har yatsunta suka yi kanta.

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe Gus ya shigo, ya rufe ƙofa. Gus ba ya rufe ƙofa. Ya ajiye abin da ke hammatarsa. Rigar ulu ce, mai lamba talatin da takwas.

"Na sama sun ce an gama," in ji shi, bai dube ta ba. "Sa hannun likita kaɗai ya rage. Matasa biyu za su ba mu, ɗayan gobe zai iso. Girmansu ɗaya da Dogo." Ya miƙa mata takarda. Ta buɗe, ta ga an rubuta Achterberg.

"Ka san dokata, Gus."

"Na sani, tsohuwa. Amma ulu ce, da hannu za ki yi, kuma akwai wasu uku a hanya kafin shida. Ba mu da wata rigar. In kin jira, tsirara za mu fitar da yaron ranar Asabar?"

"Sai ka ara masa taka, tumbinka ai zai ɗauki mutum biyu."

Gus bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba.

"Shi ya sani?" ta tambaya.

"Sai likita ya sa hannu. Ba su ma cire shi daga jifan yau ba, don kada wasu su gane. Kin san yadda ake yi." Ya tsaya a ƙofa kamar zai ƙara wani abu, sai ya shafa sanƙonsa ya fita.

Ta daɗe tana kallon rigar. Ta lissafa awoyin da ke tsakaninta da Asabar, ta ga gaskiyar Gus. Sai ta ɗauki ɗan ƙarfen warware ɗinki ta fara daga harafin ƙarshe. Zaren da ita ta saka da hannunta makon jiya ya riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, haruffa tara suka sauko kan teburi. Inda suka tashi ulun ya fi duhu kaɗan, har ana iya karanta sunan a inuwarsa. Ta ɗauko wani ƙyalle ta rufe duka.

Al'adar Hollis ce duk ranar da zai yi jifa ya kawo mata rigar wasansa ta duba maɓallai. Masu jifa mutane ne masu camfi, wani ba ya taka farin layi, wani sai ya ci kaza. Nasa camfin ke nan, tun ranar farko da maɓalli ya tsinke masa ta gyara ya ci wasa. Ƙarfe ɗaya ya sunkuyo da kai ya shigo.

"Mama, ga kayan aiki."

Ta karɓa. Maɓallan duk daram suke, amma ta zura zare ta kama na biyu tana ƙara masa ɗinki, don kada ta ɗaga kai. Bai tambaye ta komai ba. Wannan ya fi ƙona mata rai, da ya tambaya da ta samu abin yi wa faɗa. Ya zauna a kan kwandon wanki yana ba ta labari: matarsa ta saya wa Opal sabuwar rigar ninkaya, ƙarfe uku za ta je bikin ranar haihuwar wata ƙawarta, yaran duk da wayoyinsu kamar manyan 'yan kasuwa. Ko da gangan ya faɗa ko hira ce kawai, Lorna ba ta taɓa sani ba. Ta cije zare ta miƙa masa rigar. Ya yi godiya, ya kai bakin ƙofa.

"Dogo."

Ya juyo. Ta sa hannu ta janye ƙyallen.

Ya dubi rigar ulun, da lambarsa, da inuwar sunansa, da haruffan da ke zube a gefe. Fanka na ta kukanta. Ya yi tsaye har ta fara tsoron ko zai faɗi.

"Ina?" ya tambaya.

"Ban sani ba. Sunan mai zuwa kaɗai aka ba ni. Kuma ka ji ni da kyau, likita bai sa hannu ba tukuna."

"Amma kin warware."

"Na warware, sai dai…"

"Mama, shekara goma sha ɗaya ina nan. Ban taɓa ganin kin warware wanda ya zauna ba." Ya sunkuya ya sumbaci tsakiyar kanta. "Na gode. Ba wanda zai ji daga bakina."

Ta so ta bi shi ta yi masa bayanin ulu da bikin Asabar, amma takunsa ɗaya ya fi nata uku, kuma a gaskiya ita kanta ta ɗauka an gama. Ya shiga mota ya tafi gida. Ita kuma ta zauna ta fara jera haruffan Achterberg a kan rigar, tana kafe su da fil. Ranta ya yi sanyi. Ta gaya wa kanta ta yi daidai.

Shida saura kwata Gus ya dawo da gudu, gumi ya jiƙa masa wuya.

"Tsaya! Kin fara ɗinkawa?"

"Fil kawai na sa."

"Cire. Mayar da Dogo." Ya faɗa kan kwandon wanki yana haki. "Likitanmu ya ga wani abu a hoton kafaɗar yaron, wani duhu da bai gamsu da shi ba. Na sama suka ce a canza mana da wani. Waɗancan suka ce ko shi ko a fasa. Namu suka kira wani kulob ɗin da ya taya jiya, ashe tun rana ya sayi nasa. Yanzu kowa ya ajiye waya." Ya share fuska. "Kai, Allah ya taimake mu da ba a faɗa masa ba."

Lorna ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Ta shiga zare fil ɗaya ɗaya.

Da shida ta wuce babban manaja ya fito gaban 'yan jarida, aka nuna a talabijin ɗin ɗakin wanki. Lorna ta tsaya a bakin ƙofa tana ji. Mutumin ya gyara wuyan riga ya ce Hollis Brandvold bai taɓa shiga kasuwa ba, an kira an taya, sun ce ba na sayarwa ba ne, domin shi ɗan gida ne, kuma akwai abubuwan da suka fi ciniki. Ya faɗa da irin muryar da ke sa mutum ya yarda. Haka ake yi kowace shekara, kuma a da Lorna ba ta taɓa ganin laifin abin ba. Ta leƙa ɗakin 'yan wasa, ta hango abokansa suna dukan kafaɗarsa suna ihu. Shi kuwa yana zaune yana ɗaure takalmi, idonsa a ƙasa. Ya fita jifa ƙarfe bakwai, bai kai rabin wasa ba koci ya zo ya karɓi ƙwallo a hannunsa.

Washegari da safe ta sami Gus yana jera huluna.

"Gus, na nuna masa."

Bai juyo ba. "Kin ce me?"

"Na ce na nuna wa Dogo rigar. Jiya da rana. In za ka kai sama ka kai, ba zan yi musu ba."

Ya ci gaba da jera huluna har ya gama layi. "Lorna, kunnen nan nawa na hagu ya mutu tun da ƙwallo ta same ni. Kowa ya sani. Kin tsaya ta ɓangaren da ba ya ji." Sai ya juyo, fuskarsa ba wasa. "Ni na sa ki karya dokarki. Ki bar mini rabona na laifin. Amma kin ga yadda ya yi jifa jiya?"

"Na ji."

"To."

Ta koma ɗakinta ta yi yinin ranar tana mayar da haruffa tara, kowane ɗinki a ramin da allura ta bari tun farko. Ba ta ci abincin rana ba.

Ya kamata in faɗa tun yanzu, Hollis ya ƙarasa kakar tare da mu, ya yi aikinsa ba ƙorafi. Da kakar ta ƙare kulob ya yi masa tayin shekara biyu, tayi mai kyau, ya ce ya gode, ya tafi wani gari can yamma. 'Yan jarida suka yi ta hasashe, magoya baya wasu suka ce kuɗi ya bi. Mutum uku ne kawai a filin wasan suka san dalili. Har yau yakan kira Lorna ranar Lahadi, Opal kuma na aiko mata da kati. Amma abin da Lorna ta fi tunawa shi ne safiyar Asabar ɗin bikin, lokacin da ya zo karɓar rigarsa.

Ya shigo wajen ƙarfe goma. Sama ana gwada ganguna. Ta miƙa masa rigar a goge, ya riƙe ta a hannu bai buɗe ba.

"Dogo, ka yafe mini," ta ce. "Ban taɓa warware suna kafin lokaci ba sai ranar. Da na tsaya a kan abin da na sani…"

"Ni na roƙe ki, Mama."

"Yaya Opal?"

Ya zauna a kan kwandon wanki. "Na zaunar da ita a matakala na faɗa mata, yadda na so. Ba ta je bikin ba. Ta yi kuka, sannan ta ce, 'Baba, laifin me ka yi musu?' Na ce ba laifi, haka aikin yake. Ta hau sama ta fara zuba kayan wasanta a kwali." Ya murza ulun da babban yatsa. "Da na koma na ce mata an fasa, na ɗauka za ta yi tsalle. Sai ta dube ni ta ce, 'To su waye ba sa son ka, namu ko waɗancan?' Ban san me zan ce mata ba."

Lorna ta cire tabarau ta riƙe a cinya.

"Jiya manaja ya same ni a hanya," ya ci gaba. "Ya rungume ni, ya ce, 'Kai namu ne, Hollis, ko kusa ba mu yi tunani ba.' Kin san abin da ya fi damuna? Da ban sani ba, da na ji daɗi ƙwarai. Da na kira babana a gona na faɗa masa. Da na tsufa ina ba jikokina labarin shekarar da kowa ya taya ni kulob ɗina ya ƙi." Ya yi murmushi, ba na daɗi ba. "Na san kasuwa ce. Kowa ya sani. Amma sani daban, ganin bayan rigarka ba komai daban."

"Da na yi shiru."

"Da kin yi shiru kuma cinikin ya faɗa, da na yi fushi da ke. Ba ki da hanyar fita, Mama, ni na toshe miki." Ya miƙe, kansa ya kusa taɓa bututun rufi. Ya zura hannu a rigar, ya shiga saka maɓallai a hankali. "Abu ɗaya zan ƙara roƙonki, shi ne na ƙarshe. Badi wani zai zo ya zauna a nan ya roƙe ki abin da na roƙa. Zai kawo miki zancen 'ya'yansa, wataƙila har ya yi kuka. Kada ki faɗa masa."

Ta gyaɗa kai.

Sai ya juya mata baya, yadda dukansu ke yi in sun saka sabuwar riga, don ta duba ko sunan ya zauna daidai. Ta mayar da tabarau, amma hawaye ya hana ta gani. Ta miƙa hannu sama ta shafa haruffan ɗaya bayan ɗaya, daga na farko har na tara.

"Ya yi?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Ya yi," ta ce. "Je ka, suna jiran ka."